Tsokaci: Kalmar da Ta Faro Daga Ido Ta Ƙare a Baki

Wani dare bayan isha'i muna zaune a teburin mai shayin unguwarmu, can wajen Ƙofar Wambai, rediyo na rataye a jikin ƙusa ana shirin siyasa. Mai gabatarwa ya ce wa baƙonsa, "To ranka ya daɗe, wane tsokaci za ka yi a kan maganar da abokan hamayyarku suka yi jiya?" Bawan Allah ya gyara murya, ya kwashe kusan minti biyar yana zuba, amma ko sau ɗaya bai taɓo maganar da aka tambaye shi ba. Abin da ya yi ta nanatawa shi ne akwai wani mai doguwar hula da aka san lokacin da ko keke ba shi da shi, yau ga shi da bene hawa uku. Wani dattijo tela da ke zama a ƙarshen benci, wanda ba ya cika sa baki a hirarmu, ya ajiye kofinsa ya ce, "Samari, wannan ai ba tsokaci ba ne. Habaici ne aka sa masa babbar riga."

Aka yi dariya aka shiga wani zancen. Ni dai maganar ta bi ni har gida, don ta sosa mini inda ya daɗe yana yi mini ƙaiƙayi. Kalmar tsokaci ta zama ruwan dare a bakin 'yan jarida da 'yan siyasa da malaman makaranta. Gwamna ya yi tsokaci, limami ya yi tsokaci, kocin ƙwallo ya yi tsokaci, mai sayar da tumatir a 'Yankaba ma idan aka miƙa masa makirufo tsokaci ya yi. Duk abin da ya fito daga bakin mutum game da wani al'amari, gajere ne ko dogo, da hankali ko babu, sunansa ke nan. Alhali Hausa ba ta yi talaucin kalmomi a wannan fage ba, kuma ita kanta kalmar asalinta ba daga baki ta fito ba.

A ƙuruciyarmu akwai wata tsohuwa a maƙwabtanmu, aure ne ya kawo ta Kano daga ƙasar Sakkwato tun kafin a haifi iyayenmu mata. Shekarun da ta yi a cikin birni ba su kankare mata harshenta ba. Idan za ta sa kwalli sai ta ce da jikarta, "Ke ɗiyag ga, miƙo mani matsokaci." Mu kuwa mu ƙyalƙyale da dariya, don a wurinmu madubi ne sunan abin. Sai da na girma na gane Inna ba kuskure take yi ba, kalma ce ta Hausar yamma, kuma a cikinta amsar tambayarmu take.

Hausa na da ƙa'idar ƙirƙirar sunan kayan aiki: a sa ma- a gaban aikatau, a ƙare da -i. Daga duba aka sami madubi, daga buɗe mabuɗi, daga girba magirbi. Akwai kuma wata ƙa'idar ta furuci wadda kowane Bahaushe ke bi ko bai san da ita ba, wato harafin t yakan rikiɗe ya koma c idan i ko e ta biyo bayansa. Muna cewa sata, amma ya saci kuɗi, ya sace. Muna cewa ɓata, amma rai ya ɓaci. Zanta ta haifi zance, furta ta haifi furuci. Idan aka ɗora matsokaci a kan waɗannan ma'aunai biyu, za a ga abin da ake tsokaci da shi ke nan, kamar yadda madubi yake abin da ake dubawa da shi. Tunda kuwa kayan aikin madubi ne, aikin da ake yi da shi kallo ne, kuma ba kallon wucewa ba, irin kallon da mace ke yi wa fuskarta lokacin da take zizara kwalli: ta matso, ta ƙura ido, ta natsu.

Daga nan hanyar da ma'anar ta biyo ba ta da wuyar ganewa. Kallon ƙurilla da ido ya zama kallo da zuciya, wato nazari. Nazari kuma ya zama ɗan abin da mai nazarin ya faɗa bayan ya gama dubawa. Har yanzu sawun tsohuwar ma'anar na nan a yadda muke gina jimlar. Ba a cewa "ya faɗi tsokaci" ko "ya furta tsokaci", sai dai "ya yi tsokaci a kan abu kaza", daidai da yadda ake cewa ya yi duba ko ya yi nazari a kansa. Idan marubuci ya sa wa maƙalarsa take "Tsokaci a kan auren zamani", ma'anar da ya nufa ta fi kusa da ta Inna fiye da ta baƙon rediyon nan: zai leƙa cikin al'amarin ne ya gaya mana abin da ya hango.

Na sha jin masu cewa tsokaci ɗan'uwan tsokana ne, wai mai tsokaci tsokano magana yake yi. Kama ce kawai ta sauti. Tsokana da tsokano da tsokane ido duk n ce a gindinsu, ita kuwa wannan t ce da ta koma c. Sai dai duk wanda ya saurari shirye-shiryen siyasa na dare a Kano ba zai ga laifin masu wannan fassara ba.

Ita tsokaci ke nan, haifaffiyar gida. Yawancin abokan zamanta kuwa baƙi ne da suka zo cikin gafakar malamai. Tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci ya ambaci zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, da zuwan Shehu Magili a zamanin Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, har ya kawo sunayen littattafan da suka shigo a zamanin Muhammadu Kisoki, irin su Ashafa da Mudawwana. Littafi ba ya tafiya shi kaɗai, da kalmomin karantar da shi yake zuwa. Joseph Greenberg, masanin harshe ɗan Amurka da ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya yi rubutu a 1947 inda ya kasa kalmomin Larabci da ke cikin Hausa gida biyu. Akwai tsofaffin da suka shigo ta bakin mutane, da yawansu ɗauke da al- ɗinsu ko ɓurɓushinta, kamar alƙalami da albasa da labari da littafi. Akwai kuma na bayansu da suka shigo ta hanyar karatu, ba su da wannan al- ɗin. Sharhi da jawabi da bayani da lafazi da ra'ayi duk 'yan gida na biyu ne. Abin da Bahaushe ya yi musu kaɗan ne: tunda harshensa ba ya son suna ya ƙare da baƙi, sai ya liƙa wa kowacce -i a ƙarshe, inda baƙaƙe suka cunkushe kuma ya cusa wasali a tsakani.

Sharhi ta fi kowacce nauyi. Tushenta a Larabci buɗewa ne da faɗaɗawa, har da tsaga nama. Shi ne a farkon surar Alam Nashraha, shi ne kuma a addu'ar Annabi Musa cikin suratu Ɗaha inda ya roƙi a buɗa masa ƙirjinsa. Daga tushen nan Larabawa suka sami sunan ilimin feɗe jiki da likitoci ke karantawa, kuma alhazanmu da suka taɓa sayen layin waya a Makka ko Madina sun ji ana ce masa shariha, wato ɗan siririn yanki. Ashe mai sharhi mahauci ne: zai kwantar da magana, ya tsaga ta, ya fito da abin da ke ciki gaɓa-gaɓa.

Wanda ya taɓa zama a zauren malami a Madabo ko wata unguwa ta cikin gari ya ga wannan da idonsa. Ɗalibi na durƙushe a kan buzu ko tabarma da littafinsa mai rawayar takarda, irin wanda ake saya wurin 'yan littattafai a kasuwar Kurmi. Zai ja kalma biyu ko uku na Larabci ya tsaya, malam ya ba shi Hausarsu, ya sake ja, malam ya sake fassarawa. In an zo wuri mai sarƙaƙiya sai ɗalibi ya ce, "Allah gafarta malam, nan fa ban gane ba," malam ya miƙa hannu bayansa ya jawo wani littafin da ya fi wannan kauri, ya ce bari mu ga abin da mai sharhi ya ce. Asalin littafin shi ne matani. Sharhi shi ne littafin da wani malamin ya rubuta don warware shi, kamar yadda Samaruddani yake ga Risala ta Ibnu Abi Zaidin mutumin Ƙairawan, ko Fathul Bari na Ibnu Hajar, wanda ya rasu a shekara ta 852 bayan hijira, yake ga Sahihul Buhari. In wani ya zo ya yi wa sharhin nasa sharhi, sunansa hashiya, ma'ana gefe, don a gefen shafi aka saba rubuta ta. Abin lura a nan shi ne sharhi ba ya tsayawa da ƙafarsa. Dole akwai matani a gabansa, kuma mai sharhi ba shi da ikon tsallake kalma don ba ta yi masa daɗi ba. Ku auna wannan da wanda ake gabatar mana a matsayin "mai sharhi kan al'amuran yau da kullum", wanda sau da yawa bai ga ko bangon takardar kasafin kuɗin da yake feɗewa ba.

Daga zauren nan wata kalmar ta fito, amma ita da kayan gida aka ɗinka ta: fashin baƙi. Baƙi shi ne harafi, shi ya sa yaro a makarantar allo yake fara babbaƙu kafin farfaru. Fasa baƙi kuwa shi ne abin da malam ke yi wa ɗalibin can, ya fasa rubutun Larabci ya fito da ma'anarsa da Hausa. Yau masu fashin baƙi sun fi yawa a ɗakin watsa labarai. Har sabon jam'i aka ƙera musu, masharhanta, wanda kunnena bai gama sabawa da shi ba.

Ta'aliki ita ce ta fi kusa da tsokaci a girma. Tushenta ratayawa, dangin alaƙa da ta'allaƙa. Ɗan abin da aka rataya a jikin maganar wani ke nan, shi ya sa a wurin lacca ko wa'azi, bayan babban mai jawabi ya zauna, ake cewa malam wane zai yi ta'aliki. Idan ya fi mai laccar daɗewa, kamar yadda yakan faru, to abin da aka rataya ya fi ƙusar nauyi. Jawabi kuwa a Larabci amsa take nufi, amma da ta zo nan sai ta sami sarauta, ta zama maganar da babba ke yi a gaban taro ko ba wanda ya tambaye shi komai. Sarkin Kano jawabi yake yi a gidan gwamnati ranar Hawan Nassarawa. Ba wanda zai ce Sarki ya yi tsokaci a wurin sai ɗan jaridar da ke tsakuro gaɓa ɗaya daga ciki.

A ganina rediyo ce ta ɗaga tsokaci sama da sauran. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, ga gidajen rediyon Kaduna da Kano. Mai fassara labarai yana da 'yan mintoci ne kafin a shiga ɗaki, kuma a kowane labari akwai wanda ya ce wani abu game da wani abu. Yana buƙatar kalmar da ba ta ɗaukar ɓangare, ba ta yabo ba ta zargi, ba ta nuna mai maganar babba ne ko ƙarami. Sharhi ta yi tsawo, jawabi ta yi girma, furuci na da ƙanshin kotu, ta'aliki na da ƙanshin zaure. Tsokaci ce ta zauna daram. Da gidajen rediyo masu zaman kansu suka buɗe a Kano, tun daga Freedom Radio a 2003, fagen magana ya faɗaɗa ƙwarai, aka sami masu sana'ar shiga rediyo don kare ubangida ko sukar abokin hamayyarsa, waɗanda Kanawa suka raɗa wa suna sojojin baka. Rashin ɗaukar ɓangaren da ya sa kalmar ta yi wa ɗan jarida amfani, shi ne ya sa ta zama mayafi mai kyau ga wanda ke son ya yi jifa ya ɓoye hannu.

Nan ne maganar telan nan take da ƙarfi, domin Bahaushe ya daɗe da rarrabe irin waɗannan maganganu, kowacce da sunanta. Habaici shi ne a yi da mutum ba a kama sunansa ba, amma shi da duk wanda ke wurin sun san inda aka dosa. Fagensa na asali tsakar gida ne. Uwargida na tankaɗe, amarya ta gifta, sai ta dubi kazar da ke tsattsagar tsaba ta ce, "Ci a hankali, baƙuwa, mu da muka daɗe ma ba mu cinye ba." In an kai ƙara wurin maigida, ai da kaza take. Rubutun bayan motocin haya da adaidaita sahu, irin su "Hassada ga mai rabo taki", yawancinsu habaici ne da aka ɗora a kan taya ana zagaya gari da shi. Zambo ya fi shi zafi, kuma makamin makaɗan fada ne: a wasa ubangida, sannan a ɗauko abokin takararsa a siffanta shi da mummunar kama, tsayinsa ko cikinsa ko rowarsa, har yara su gane shi a hanya. Abin da baƙon rediyon nan ya yi da doguwar hula da bene hawa uku ya ma fi kusa da zambo, ganga ce kawai babu.

Gatse kuwa faɗin kishiyar abin da ake nufi ne. Yaro ya fasa tangaran, uwa ta ce, "Madalla, ka kyauta, je ka ɗauko ɗayan ma." Yaron da ya tafi ɗaukowa shi ake cewa bai san gatse ba. Ga gugar zana da shaguɓe, waɗanda ake yi mutum na zaune ana kallon wani wajen. Ga baƙar magana, ita ba ta da lulluɓi, a fuska ake yaɓa ta. Ga hannunka mai sanda, wadda manufarta gyara ce cikin sutura. Ga katoɓara da suɓutar baki, inda mai maganar da kansa zai so a ce bai yi ba, sai dai magana zarar bunu ce. Kowace ɗaya daga cikinsu hukunci ce a kan niyyar mai magana. Idan aka ce wane ya yi habaici, an riga an faɗi abin da ke zuciyarsa. Idan aka ce ya yi tsokaci, an wanke shi tas.

Malaman fiƙihun da aka karanta a garin nan ba su yarda da irin wannan wanki ba. A babin saki sun raba lafazi gida biyu, sarihi da kinaya, don sun san mutum na iya sakin matarsa ba tare da kalmar saki ta fito daga bakinsa ba. A babin ƙazafi abin ya fi tsanani. Mazhabar Malikiyya ta ce wanda ya jefi wani da alfasha ta hanyar ta'aridi, wato jirwaye mai kamar wanka, irin a ce ana cikin faɗa mutum ya ce "ni dai an san ubana", haddi na hawa kansa kamar wanda ya faɗa ɓaro-ɓaro, muddin an fahimci abin da yake nufi. Risala ta faɗi haka a gajeriyar jimla, kuma haddin bulala 80 ne. Wato dabarar "ai ban kama suna ba" da ake taƙama da ita a gaban makirufo, littafin da yara ke karantawa a zaurukan cikin birni ya rufe ƙofarta fiye da shekara dubu da ta wuce.

Akwai wata hanyar faɗin abin da ta fi tsokaci daɗi a kunnena, ita ce tofa albarkacin baki. Hoton da ke cikinta na tofi ne: a kawo wa malami ko dattijo ruwa a ƙoƙo, ya karanta abin da ya sawwaƙa ya tofa, wani ma ya karɓa ya ƙara nasa. Wanda aka ce ya tofa albarkacin bakinsa an ɗauka bakin nasa na da albarka, kuma ɗan kaɗan ake jira daga gare shi. Na tuna wani zaman sa rana a gidanmu, iyaye da kawunnai sun gama magana a kan sadaki da lokacin biki, sai babban wanmu ya waiwayo ya ce da ni, "Kai ma tofa albarkacin bakinka mana." Na sunkuyar da kai na ce, "Yaya, ai abin da su Baba suka faɗa ya wadatar, Allah ya sa alheri." Aka ce madalla. Da na buɗe baki na kawo gyara a kan kuɗin, da sunan abin ya canza nan take ya koma tsoma baki, ko ma katsalandan, ko da kuwa gyaran daidai ne. Kalma ɗaya, mutum ɗaya, amma sunanta ya danganta da ko an gayyace ta da kuma shekarun mai ita. Abin mamaki, wannan lafazi mai cike da kunya da ladabi shi aka ɗauka aka fassara haƙƙin da tsarin mulki ya ba kowa, aka ce 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma da shi sojan baka ke kare kansa idan an ce ya wuce gona da iri.

Shiru ma da kalmomin aro muke auna shi. Idan an ce wane bai ce ƙala ba, ƙala ɗin nan ita ce "ya ce" ta Larabci, wadda ɗalibi ke ji sau ɗari a rana a bakin mai karanta hadisi. 'Yar'uwarta ƙila, "an ce", ita ta ba mu wataƙila, su biyun kuma suka haɗu suka zama ƙila-wa-ƙala, zancen da ba a san mai shi ba. Uffan kuwa daga aya ta 23 ta suratul Isra'i take, inda aka hana ɗa ya ce wa iyayensa ko da "uf". Mafi ƙanƙantar sautin ƙosawa ke nan, shi Hausa ta ɗauka ta mayar ma'aunin mafi ƙanƙantar magana. Yanzu a labarai an fi jin "ya ƙi yin tsokaci", wadda ba ta gaya maka komai game da mutumin. "Bai ce uffan ba" kuwa tana sa ka ga fuskarsa, ka ga an tsare shi da ido ana jira, shi kuma ya haɗe leɓɓansa.